Tuƙa keke a cikin ɗaki: yadda ake farawa da tirena mai haɗuwa da manhaja

A ƙarshen watan Fabrairun 2016 ɗan tseren keke na ƙasar Ostareliya, Mathew Hayman, ya faɗi a wani tsere a Beljiyam ya karye a hannu. Saura makonni shida a yi tseren Paris-Roubaix, wanda ake yi a kan hanyoyin duwatsu na arewacin Faransa. Tunda titi ya gagare shi, sai ya kafe kekensa a gareji, ya jingina karyayyen hannun a kan tsani, ya ci gaba da atisaye a manhajar Zwift. Da ranar tseren ta zo, shi ya ci. Daga lokacin mutane da yawa suka daina ɗaukar tuƙin cikin ɗaki a matsayin wasan yara.

Abin da ake nufi ba mai wuyar ganewa ba ne. Ana ɗora kekenka na yau da kullum a kan wata na'ura da ake kira tirena, wadda ke riƙe shi a wuri ɗaya. Na'urar tana auna ƙarfin da kake zubawa a feda, da ma'aunin wat, ta aika wa waya ko kwamfuta. Manhaja ta haɗa wat ɗin da nauyin jikinka da tsayinka da yanayin hanyar da ke allo, ta fitar da gudun da ya kamata ka yi. Idan hanya ta kai ga tudu, manhajar ta umarci tirena ta ƙara wa feda nauyi, idan an zo gangara ta sassauta. Wannan kai-da-kawowar saƙo tsakanin na'ura da manhaja shi ya raba tirena ta zamani da tsohuwar keken motsa jiki da ake gani a ɗakunan atisaye.

Kafin a shiga matakai, ga ra'ayina tun da wuri: yawancin waɗanda suka saya suka ajiye bayan wata guda ba na'urar ce ta ba su kunya ba. Zafi ne ya kore su, da sirdin da ba a daidaita ba, da fara abu da ƙarfin tsiya. Don haka za ka ga na daɗe a kan fanka fiye da yadda na daɗe a kan sunayen kamfanoni.

Fara da duba kekenka

Kada ka sayi komai sai ka durƙusa ka kalli ƙafar bayan kekenka. Abu uku kake nema.

Na farko, shin keken mai giya ne, wato yana da tarin haƙora a baya da ɗan hannun da ke ɗaga kaca daga wannan zuwa wancan? Ƙirga haƙoran jere nawa ne: 8, 9, 10, 11 ko 12. Tsofaffin kekuna masu giya ɗaya, irin su Raleigh da Phoenix da aka saba gani a garuruwanmu, ba sa hawa tirenar da ake cire wa keke ƙafa, domin faɗin bayansu da irin kacarsu sun bambanta. Na biyu, da me aka ɗaure ƙafar? Akwai siririyar sanda mai ɗan hannun da ake karyawa a buɗe, faɗin wurinta milimita 130 a keken tsere mai birkin roba, 135 a mai birkin faifai da keken daji. Akwai kuma sanda mai kauri da ake murɗawa cikin jikin keken, kaurinta milimita 12, faɗin wurin 142 ko 148. Yawancin tirenoni suna zuwa da ƙananan ƙarafan da za su dace da waɗannan duka, amma sai ka san naka kafin ka san wanda za ka saka. Na uku, kacar ta ci ko da sauranta? Kaca da ta miƙe za ta riƙa tsalle a kan sababbin haƙora. Mai gyaran keke zai gaya maka cikin minti ɗaya.

Wace tirena?

Iri biyu ne. Akwai wadda ake barin ƙafar baya, tayar ta riƙa gogar wani ƙaramin gargare. Ta fi araha kuma ta fi sauƙin ɗauka, amma tana cin taya, tana da ƙara, tayar kan zame idan ka taka da ƙarfi, kuma awonta yana canjawa da iskar da ke cikin tayar. Sai kuma wadda ake cire ƙafar baya gaba ɗaya a ɗora kacar a kan haƙoran na'urar kanta. Wannan ta fi shiru, kuskuren awonta bai cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, kuma faifan ƙarfen da ke cikinta yana sa tuƙin ya yi kama da na titi.

Idan aljihu zai ɗauka, ta biyun nake ba da shawara. Sanannun masu ƙera su sun haɗa da Wahoo na Amurka, Tacx na Holan wanda Garmin ya saya a 2019, da Elite na Italiya. Masu matsakaicin kuɗi, irin su Kickr Core, suna kaiwa wajen dala 500, manyan kuma sun haura dala 1,000. Babbar za ta yi maka alkawarin tudu mai kashi 20 ko 25 cikin 100 da ƙarfin wat 2,200. Mai farawa ba zai kusanci wannan ba, kai ko gwanaye ma kaɗan ne suke kaiwa nan. Kickr Core tana kwaikwayon tudu har kashi 16, kuma hakan ya isa ya yi yawa. Ka tuna da nauyi idan daga waje za a aiko maka: suna kaiwa kilo 18 zuwa 22, kuɗin jirgi da na kwastan za su iya zama wani ciniki na daban.

Abin da ba za ka yi sassauci a kai ba shi ne harshen da na'urar ke magana da shi. Ka tabbata an rubuta tana aiki da Bluetooth FTMS ko ANT+ FE-C, zai fi kyau ma duka biyun. Waɗannan su ne ƙa'idojin da ke ba kowace manhaja damar juya na'urar, ba ta kamfanin da ya ƙera ta kaɗai ba.

Idan ta hannu za ka saya, kada ka biya sai an jona ta a gabanka. Haɗa ta da wayarka, ka hau ka tuƙa minti biyar, ka saurara ko akwai ƙwanƙwasa ko gurnani daga ciki. Tambayi ƙananan ƙarafan sanda da cajarta ta asali, don su ne suka fi ɓacewa kuma samunsu wahala ne.

Batun wuta yana da muhimmanci ga wanda ke zaune inda ake ɗaukewa ba sallama. Yawancin tirenoni da zarar wuta ta tafi sai feda ta saki kuma saƙo ya yanke. Jerin Tacx Neo suna iya aiki ba tare da an jona su ba, saboda tuƙinka ne ke samar musu da wuta. Sauran ba sa jan wuta mai yawa, ƙaramar inbata ko batirin ajiya na kwamfuta zai riƙe su. Ka saka abin kare na'ura daga wutar da ke zuwa da ƙarfi, musamman idan janareta ake tayarwa.

Ɗaki da fanka

Nan ne aikin yake. Jikin mutum ba ya mayar da duk abin da ya ƙona zuwa ƙarfin feda. Kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke tafiya ga tuƙi, sauran zafi ne. Idan kana taka wat 200, jikinka yana fitar da zafin wat 600 zuwa 800, kusan na ƙaramin dutsen guga da aka jona aka bari a ɗaki. A titi iskar gudu ce ke kwashe wannan zafin ta busar da gumi. A ɗaki kana tsaye cak, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, gumin da bai bushe ba kuwa bai sanyaya kowa ba. Sai zuciya ta ƙara bugu don ta kai jini ga fata, ƙarfin ƙafa ya ragu, ka ga kamar kai ne rago alhali ɗakin ne ya dafa ka.

Fankar sama ba ta isa ba. Nemi fankar ƙasa mai ƙarfi ka ajiye ta a gabanka, tazarar taku ɗaya ko biyu, iskar tana bugun ƙirji da fuska. Idan da hali, ƙara ta biyu daga gefe ko baya. Buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa. Fanka mai caji ta zama dole a inda wuta ba ta tsayawa, domin in wuta ta tafi a tsakiyar atisaye, rashin fankar zai sauke ka kafin rashin allon. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, ka hau bayan sallar asuba ko da daddare, ka bar tsakar rana. Lokacin hunturu kuwa shi ne tuƙin ɗaki ya fi daɗi: ga sanyi, ga shi ka kuɓuta daga shaƙar ƙurar titi.

Shimfiɗa ledar ɗaki mai kauri ko tabarmar roba a ƙarƙashi, ta tare gumi ta kuma rage girgizar da ke damun na ƙasan bene. Ɗora tawul a kan hannun keke da sandar sama. Gumi gishiri ne, yana shiga ƙarƙashin naɗin hannu da cikin wuyan keke ya ci ƙarfe a ɓoye, har hannun alminiyom ya kan ruɓe ba a sani ba. Ajiye tebur ko kujera a inda hannunka zai kai, da gorar ruwa biyu da wayarka. Idan akwai yara a gidan, kada su matso yayin da faifan ke juyawa, kuma yakan yi zafi bayan an sauka.

Ɗora keke

Wasu tirenonin suna zuwa da haƙoran giya a ɗaure, wasu babu. Idan babu, sayi kaset, wato tarin haƙoran giyar baya, mai adadin jeren da ya yi daidai da na kekenka. Mai jere 8, 9 ko 10 yana buƙatar siririn zobe mai kaurin milimita 1.85 a bayansa kafin a ɗaure, in ba haka ba zai riƙa rawa. Ɗaurin yana son makulli na musamman, don haka kai wa mai gyara ya fi sauƙi. Akwai kuma abin da Zwift ya fito da shi mai suna Cog, haƙori ɗaya tal da ke karɓar kacar giya 8 zuwa 12, sai a riƙa sauya giya da ɗan maɓalli a hannu. Yana da amfani ga gidan da mutum biyu ke musayar kekuna, amma ba kowace manhaja ce ke karɓar wannan sauyin giyar ba, ka bincika tukuna.

Sauya giya zuwa ƙaramin haƙorin baya, sannan ka cire ƙafar. Idan birkinka na faifai ne mai aiki da mai, kada ka matsa hannun birkin baya bayan ƙafar ta fita, don robobin za su haɗe su ƙi buɗewa. Cusa ɗan kwali mai kauri tsakaninsu. Ja hannun giyar baya, ɗora kacar a kan ƙaramin haƙorin tirena, sauke keken har ƙafafunsa biyu su zauna daram a kan sanda, sannan ka ɗaure. Girgiza shi ka ji. Idan ya karkace ko kaɗan, kwance ka sake. Juya feda da hannu ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In ka ji kaca tana ƙas-ƙas, murɗa ɗan notin da ke inda wayar giya ta shiga, rubu'in juyi kowane karo, har ƙarar ta ɗauke. Duba ko gaban keken ya yi ƙasa da baya, in haka ne sa katako a ƙarƙashin tayar gaba.

Mai tirenar da ake barin taya kuma ya yi amfani da sandar ƙarfen da ta zo da na'urar, ya sa taya mai sulɓi ba mai ƙuraje ba, ya riƙa ba ta iska daidai da ta jiya, ya kuma matse gargaren da adadin juyi iri ɗaya kullum.

Sirdi ya fi ciwo a ɗaki fiye da titi, saboda babu kwana, babu tsayawa, babu gangarar da za ka huta. Zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mayar da tafin gaban ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Ciwo a gaban gwiwa yakan nuna sirdi ya yi ƙasa, a bayan gwiwa kuma ya yi sama. Gyara kaɗan-kaɗan, milimita 3 zuwa 5. Sayi gajeren wandon keke mai soso, ana saka shi ba tare da wani abu a ciki ba, kuma a wanke bayan kowane hawa. Duk minti goma ka miƙe tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙoƙi.

Manhaja

Zwift ce ta fi jama'a. An fara ta a 2014, duniyarta ta zane ce, babban tsibirinta Watopia, kuma kowace sa'a za ka tarar da mutane daga ƙasashe daban-daban suna tuƙi. Kuɗinta kusan dala 20 a wata. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, kuma a 2024 ta fara ɗaukar gasar duniya ta tseren allo ta UCI, hukumar tseren keke ta duniya, sai dai tana son na'ura mai ƙarfi kafin hotonta ya tafi sumul. Rouvy ta ƙasar Cek tana amfani da bidiyon hanyoyi na gaske, ta dace da mai son ganin duwatsun Alps yadda suke. TrainerRoad ba ta da hanya ko kekuna, lambobi ne da jadawalin atisaye kawai. Ga mai farawa da yake lissafin canjin dala, babu laifi ya fara da ta kyauta, ya gwada sauran a kwanakin gwajin da suke bayarwa.

Saukar da manhajar yana cin gigabait da dama, haka ma sabuntawa, don haka ka yi shi a inda data ke da araha, kuma kada ka bari sai ka sa wando ka hau sannan ka buɗe ta karon farko. Tuƙin kansa ba ya cin data sosai, ya fi son layin da ba ya yankewa a kan mai gudu. A Zwift idan intanet ta yanke, sauran mahaya za su ɓace daga allo amma kai za ka ci gaba, sai dai ka jira ta dawo kafin ka adana tafiyar.

Da farko saukar da manhajar kamfanin tirenar, ka sabunta ƙwaƙwalwar na'urar. Idan irin wadda ake daidaita wa awo ce, tuƙa minti goma ta yi ɗumi, sannan ka bi umarnin: za a ce ka kai wani gudu, ka daina takawa, ka bar faifan ya tsaya da kansa. Da ka gama, rufe wannan manhajar gaba ɗaya. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbi: na'urori da yawa abu ɗaya suke riƙewa ta Bluetooth, in wayarka ta riga ta kama tirena a ɓoye, kwamfuta ba za ta gan ta ba. Haka kuma kada ka haɗa ta daga saitin Bluetooth na wayar, daga cikin manhajar tuƙi ake haɗawa.

A shafin haɗawa za ka ga gurabu: na ƙarfi, na juya nauyin feda, na saurin juyin feda, da na bugun zuciya. Zaɓi tirenarka a ukun farko. Idan ka manta na biyun, lambobi za su fito amma tudu ba zai yi nauyi ba. Na huɗun sai da ɗamarar ƙirji, ba dole ba ce a makon farko amma tana da amfani, kuma tsere da yawa ba sa ƙirga sakamakon wanda ba shi da ita. Mai amfani da ɗan makullin ANT+, wato ɗan abin karɓar saƙo da ake cusawa a ramin USB na kwamfuta, ya sa masa doguwar waya ya kawo shi kusa da tirena, domin yana aiki a zango ɗaya da Wi-Fi na gigahaz 2.4, suna shiga wa juna.

Sai nauyi da tsayi. Hau sikeli ka rubuta gaskiya. A kan tudu wat da aka raba da kilo shi ne ke tafiyar da kai: mai kilo 60 da wat 180 yana da 3 a kowane kilo, mai kilo 90 da wat ɗin nan yana da 2. Wanda ya rage wa kansa kilo goma zai yi gudu a allo, amma ya cuci abokan tsere, kuma lambobin ba za su ƙara gaya masa komai game da jikinsa ba.

Hawan farko

Zaɓi hanya mai shimfiɗe, minti 20 zuwa 30, ba wani buri. Nemi giyar da za ka riƙa juya feda sau 80 zuwa 90 a minti kana iya magana. Za ka lura ba ka juya kan keke ba, manhaja ce ke bin kwana, birki ma ba shi da aiki. Sauya giya yadda kake yi a titi: tudu ya zo, ka sassauta. Za a riƙa wuce ka fuu, wasu a kan wat ɗin da ba za ka yarda ba. Ƙyale su. Ba ka san ko minti biyar kawai suka hau ba, ko 'yan tsere ne na gaske.

Zwift tana da wani saiti mai suna Trainer Difficulty da ke zuwa a kan rabi. Ma'anarsa tudu mai kashi 10 za ka ji shi a ƙafa kamar mai kashi 5. Bai rage maka aikin ba, wat ɗin da za su kai ka sama suna nan yadda suke, giyoyinka ne kawai ya faɗaɗa. Idan kana ƙarewa da giya a tudu, rage shi, ba abin kunya ba ne.

Bayan hawa uku ko huɗu, gwada bin ayari. Akwai mahayan kwamfuta da ke tafiya da ƙarfi ɗaya dare da rana, mutane na taruwa a bayansu, mafi sanyinsu bai fi wat ɗaya da ɗoriya a kilo ba. A nan za ka koyi fakewa a bayan wani, wanda ke rage maka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wahala ko fiye, da yadda ake ƙara ƙarfi tun kafin tazara ta buɗe. Akwai kuma tafiye-tafiye da tsere na mata zalla, abin da zai yi wa macen da take son keke amma titi bai yi mata ba daɗi.

Sanin ƙarfinka

Duk jadawalin atisaye an gina shi a kan lamba ɗaya, FTP, wato ƙarfin da za ka iya riƙewa na kusan sa'a guda. Kada ka gwada ta a makon farko. Bari sai ka yi mako biyu jikinka ya saba da zafi da sirdi. Hanya mafi sauƙi ga sabo ita ce gwajin matakala: ana farawa da sauƙi, kowane minti a ƙara wat 20, ka ci gaba a zaune har ƙafa ta ƙi. Manhaja ta ɗauki kashi 75 cikin 100 na mafi ƙarfin mintinka. Akwai mai ƙaramin mataki don marasa nauyi da sababbi. Ɗaya hanyar ita ce ka ba da iyakar ƙarfinka na minti 20 a ɗauki kashi 95, amma tana son wanda ya iya raba ƙarfinsa, sabo kuwa yakan ƙone a minti bakwai. Ko nawa ta fito, 110 ko 250, ma'auni ce ta saita atisaye. Maimaita bayan mako shida zuwa takwas.

A cikin atisayen da aka tsara za ka haɗu da yanayin ERG. Manhaja ta ce wat 150, tirena ta riƙe 150 ko da wane sauri kake juya feda. Ka yi sauri ta sassauta, ka yi sanyi ta ƙara nauyi. Sa kacar a ƙaramin farantin gaba da tsakiyar haƙoran baya, ka bar giya ta huta. Haɗarinsa shi ne idan ka gaji juyin ƙafarka ya faɗi, nauyi zai ƙaru, ƙafar ta ƙara sanyi, nauyi ya sake ƙaruwa, har feda ta kafe. Da ka ji alamar haka, ƙara saurin juyi nan take. In ta riga ta kafe, tsaya cak na 'yan daƙiƙoƙi, na'urar za ta saki, sai ka tashe ta da sauri.

Tsarin wata na farko ba ya son wayo. Hawa uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Biyu su zama masu sauƙi, kashi 56 zuwa 75 na FTP, minti 30 zuwa 45, kana ƙara minti biyar kowane mako. Na ukun ya ɗan yi zafi: ɗumama jiki minti goma, sai minti takwas a wajen kashi 90 har sau biyu ko uku da hutun minti huɗu tsakani, sannan ka sauko a hankali. Mako na huɗu ka rage komai. Manhajojin nan an gina su don su ja ka, da maki da sababbin riguna da kekuna, kuma kowane ɗan tudu akwai wanda zai tsokane ka. Idan ka mayar da kowane hawa tsere, a mako na uku ƙafafu za su yi nauyi, barci ya lalace, keken ya koma wurin rataye kaya.

Sha ruwa tun kafin ƙishi, wajen rabin lita zuwa lita a sa'a gwargwadon zafi. Hau sikeli kafin da bayan atisaye, kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa. In gumin ya yi yawa, ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya ya wadatar. Hawan da bai kai sa'a ba ba ya buƙatar abinci, wanda ya wuce minti 90 kuwa ka ajiye dabino ko ayaba kusa. Da azumi a bar shi sai bayan buɗa-baki. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga, da wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ya ga likita kafin ya fara, musamman kafin gwajin FTP. Ciwon ƙirji, jiri, ko jin sanyi da tsayawar gumi a ɗaki mai zafi, duk alamun sauka ne nan take.

Tsere da babban tudu

Bayan wata ɗaya ko biyu za ka so ka gwada tsere. An daɗe ana raba mahaya a Zwift rukuni huɗu, daga D na masu ƙasa da wat 2.5 a kilo zuwa A na masu 4 da sama, yanzu kuma yawancin tserensu da maki ake rabawa, manhaja za ta nuna maka inda ka dace. Shiga da jiki a ɗumame, kuma ka fara taka feda da ƙarfi ana saura daƙiƙa biyar, don tseren allo da gudu yake tashi, mintuna ukun farko su ne mafi zafi. Wanda ayari ya bari a nan da wuya ya kamo. Abin ya wuce wasa ga wasu: a gasar duniya ta farko a Disamban 2020, Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ce ta ci ɓangaren mata, kuma Jay Vine na Ostareliya ta gasar Zwift Academy, inda ake zaƙulo sababbin gwanaye, ya samu kwantiragin ƙwararru a shekarar, ya zo ya ci matakai biyu a tseren Vuelta na Sifen a 2022.

Wanda tsere bai dame shi ba yana da Alpe du Zwift, kwafin dutsen Alpe d'Huez na Faransa: kwana 21, kilomita 12 da 'yan kai, hawan mita 1,036. Gama shi ƙasa da sa'a guda yana son fiye da wat 3 a kilo tun daga ƙasa har sama. Sabo ya ware sa'a ɗaya da rabi, ya cika gora biyu, ya fara a giya mai sauƙi fiye da yadda zuciyarsa ke raya masa.

Bayan kowane hawa goge keken da tsumma mai ɗan danshi, musamman wuya da notocin hannu da ƙarƙashin sirdi, ka cire tirena daga wuta. Sa wa kaca mai duk bayan 'yan sa'o'in tuƙi, ka goge rarar don kada ƙura ta manne. Lokacin hunturu lulluɓe na'urar da zane, ƙura tana shiga ta ramukan shan iskarta. Duk wata biyu ɗaga naɗin hannu ka duba ko farin gari ya fara fitowa a jikin ƙarfen, in ya fito a wanke a canja naɗin. Mai tirenar da ke gogar taya kuma ya sassauta gargaren idan ya sauka, in ba haka ba tayar za ta lotsa a wurin.